Hamuda Mai Agashe da Dashen Haƙori

Akwai wani mai agashe, wato gasasshen nama da yaji, a unguwar Umbadda, sunansa Hamuda. Ya iya gashi, ya kuma iya cika baki. Duk naman da ya sauke daga wuta sai ya fara gatsa a gaban masu saye, don su ga laushinsa.

Ran nan ya gatsa ƙashi, haƙoransa biyu na gaba suka fice. Ga bikin 'yarsa Marwa yana tafe, ita kuwa abu ɗaya ta roƙe shi: ya yi dariya a hoton ɗaurin aure.

Ya haye gada zuwa unguwar Sahafa wurin likitar haƙori, Dakta Hala. Ta dasa masa ƙananan ƙusoshi a ƙashin dasashi, ta ɗora haƙoran wucin gadi. Ta ja masa kunne: sai ƙashi ya kama ƙarfen za a sa na dindindin, kafin nan sai abinci mai laushi: asida, wato tuwo, da ful, wato dafaffen wake.

Wata na farko ya daure. Amma ina! Abokai a wurin mai shayi suka sa shi gaba, wai mai agashen da ba ya cin namansa, ai akwai abin da yake ɓoyewa. Salih direba ma cewa ya yi ya lura jakunan unguwa sun ragu.

Matarsa Khadiga ta ce, "Abu Marwa, ƙyale su. Ba da su za ka yi hoton ba."

Ya ce, "Ƙarfe ne fa a bakina, ba gyaɗa ba."

Da yamma ya zaɓi jijiya mafi tauri, ya tara abokan, ya gatsa ya fizga. Haƙori ɗaya ya bi naman, ɗayan ya karkace. Salih ya ɗauko wanda ya faɗi a yaji, ya kaɗe, ya miƙa masa da ladabi.

Dakta Hala ta ce ƙusoshin sun motsa, sai an cire, wuri ya warke, a sake daga farko. Biki kuwa ba ya jira.

Ranar hoto Hamuda ya rufe baki da jelar rawani. Marwa ta yi kuka. Har yau duk baƙon da ya ga hoton a falonta sai ya tambaya ko babanta bai so auren ba ne.

Darasi: Masu zuga ka ba su za su sha kunyar ba. Idan likita ya ce ka jira, to jira. Ku tura wa wannan abokin naku marar haƙuri, kun san shi.