Tunau Mai Shara da Itatuwan Sarki

An ce wani sarki yana da lambu a bayan fada, shi kuwa mutum ne mai tsabtar tsiya, ko tsinke ba ya son gani a ƙasa. Ran nan da tsakar bazara ya taka busasshen ganye. Ya tsaya a inuwar gawo, ya sa aka kira Tunau, tsohon da ya shekara arba'in yana share lambun.

Sarki ya ce, "Kullum shara, kullum ganye! Yau za ka bar mini gida."

Tunau kuwa ba shi da wani wurin kwana sai ɗakinsa na bakin lambu. Ya durƙusa ya ce, "Ya sarki, iyayengijina uku ne. Ɗaya yakan tuɓe rigarsa gaba ɗaya da zarar ruwa ya ɗauke. Ɗaya zare-zare yake sakewa. Na uku sai kowa ya yi ado sannan yake tuɓewa."

Sarki ya yi murmushi, don yana son a ce ya gane. "Kuka, da tsamiya, da gawo. Me ya hana su haɗa baki?"

"Ran sarki ya daɗe, kuka ruwanta a ciki yake, ganye kuwa shanye shi yake, shi ya sa take saurin sallamarsa. Na tsamiya ƙanana ne, ba su da ci. Gawo saiwarsa ta kai ruwan ƙasa, rani bai dame shi ba. Da damina yake kaɗewa, ya bar wa gero rana."

Sarki ya ce, "Ban yarda ba. Su zubar da ganye duka rana ɗaya, ka yi shara ɗaya."

"Wa za su bi, ya sarki?"

"Kuka, ita ce babba."

"To, ko sarki zai taka gindinta ya ɗanɗana hukuncinsa?"

Sarki ya fita daga inuwa da taƙama, ya tsaya ƙarƙashin rassan da ko ganye ɗaya babu. Ba a jima ba rawani ya jiƙe sharkaf, gumi na shiga ido. Ya dawo gindin gawo har da sassarfa, fadawa na sunkuyar da kai suna gumtse dariya.

Da numfashi ya dawo masa ya ce, "Ɗauki tsintsiyarka, baba, ɗakinka naka ne. Ashe mai yi wa kowa lokaci ɗaya, ba ya bar wa kansa inuwa."