Ƙwaryar Kurege Mai Yoyo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata shekara bayan kaka, Gwaggo Hawainiya ta sa gasar zanen ƙwarya. Kwana bakwai za a yi ana sassaƙa a gindin tsamiya, wanda tasa ta fi kyau ya ɗauki buhun gyaɗa. Duk wanda ya shiga kuma, tuwo safe da yamma.

Kurege bai taɓa riƙe wuƙar zane ba. Amma da ya ji an ambaci tuwo, shi ya fara isa. Ya karɓi ƙwaryarsa, ya kife ta, ya yi matashi da ita.

Da yamma Gwaggo ta zo rabon tuwo, ta duba gabansa.

"Kurege, ina ɓarɓashin aikinka?"

"Gwaggo, tunani nake yi tukuna."

"To, ka ci tunanin. Ba ɓarɓashi, ba tuwo."

Ta wuce da akushi. Kurege ba shi da wuƙa, sai haƙora. Ya kama ƙwarya ya gurgura, ya gurgura, ya tara ɓarɓashi, aka ba shi tuwo. Washegari ya gurgura, aka ba shi tuwo. Rana ta uku ya duba inda ya gurgura, sai ya ga kamar sawun zabuwa. Ya ƙara wani a gefensa, ya ƙara wani. Ranar nan sai da tuwonsa ya huce bai sani ba, abin da ko uwarsa ba ta taɓa gani ba.

Rana ta bakwai ya leƙa ta maƙwabcinsa Kunkuru. Zane ne sumul, ba karkata. Tasa kuwa duk gurbin haƙori, har da huda biyu a gindi. Ga buhun gyaɗa can a jingine yana masa ƙamshi. Da kowa ya tafi wanke hannu, sai ya ɗauke ta Kunkuru, ya ajiye masa tasa.

Gwaggo ta fara zagaye, taku ɗaya, hutu ɗaya. Ta ɗaga wadda ke gaban Kurege, ta jinjina kai.

"Ashe kana da hannu haka?"

"Allah ne ya ba ni, Gwaggo."

Kunkuru ya buɗe baki zai yi magana, amma kun san shi, kafin ya haɗa kalma biyu an yi la'asar.

Ta zo gaban Kunkuru ta ɗaga mai huda. Taro ya fashe da dariya. Kurege ya so ya taya su, dariyar ta ƙi fitowa, don ta yi masa zafi. Gwaggo ta juya ƙwaryar, ta kafa mata ido ɗaya.

"Ku bar dariya. Ƙwaryar dai ta lalace, amma wannan sawun zabuwa na bakinta, ban taɓa ganin irinsa ba. Sannu, Kunkuru."

"Wane Kunkuru?" in ji Kurege, ya yi tsalle. "Yana da haƙori ne? Ni na yi shi, kwana biyar ina yi, har dasashina ya kumbura!"



"To, wadda ke gabanka ta wa ce?" in ji Gwaggo.

Aka riƙe masa wutsiya, aka ce a kawo wuƙa.

"Ku dakata," in ji Kurege. "Gwada Gwaggo na yi. Na ce bari in gani, aiki take duba ko fuska. Ga shi ta ci jarrabawa. Ku yi mata guɗa mana."

Aka rangaɗa guɗa. Gwaggo ta ji daɗi har ta sauya launi sau uku, ta ce a sake shi. Kunkuru ya ɗauki buhun gyaɗa, Kurege ya zo na ƙarshe.

Ya rungumi ƙwaryarsa ya nufi gida. A hanya Kunkuru, mai kirki, ya ce ya ba shi ita ya ajiye don tarihi, shi kuma Kurege ya ɗebi mudu uku na gyaɗa. Kurege ya dubi gyaɗa, ya haɗiye yawu, ya dubi sawun zabuwa.

"Ba ta sayarwa ba ce."

Har yau da ita yake shan fura. Yatsa biyu a ƙasa sun toshe huda, rabi a baki, rabi a cinya, kuma ba ya ba kowa aro.

Kurunkus kan gafiya. In za ku yi musanyen ƙwarya, yara, ku toshe kunne kafin a fara yabo.