Kwikwiyar da Ba Ta Taɓa Taka Ƙasa Ba

Ku gyara zama. Kai mai gyangyaɗi a can gefe, wartsake, don labarin nan in ya ƙare ku zan bar wa shari'a, ni kuwa in koma gefe in sha kallo.

A bayan wani gari an yi wani mutum da ya mai da haihuwar karnuka sana'a. Ba irin karnukanmu na farauta ba, irin masu gashin nan da masu hali ke saya su sa a gidan gaba na mota. Ya kewaye fili da langa-langa, ya jera kejin ƙarfe hawa uku, wani kan wani. Uwa ta haihu, a kwashe 'ya'yan a sayar, a sake haɗa ta da namiji, haka har ta mutu. Wanda ya ƙera masa kejin nan kuwa Cindo ne mai walda, ɗan Malam Shekarau na unguwar bakin fadama. Cindo ya yi aikinsa ya kama gabansa, bai taɓa tambayar abin da za a zuba a ciki ba.

Da wari ya ishi maƙwabta suka kai ƙara, sai mutumin ya gudu, ya bar karnukan a kulle kwana uku babu ruwa. Mai unguwa ya aika a kira mai walda ya yanke kwaɗunan. Da Cindo ya shiga ya ga abin da ke cikin aikin hannunsa, wallahi sai kunya ta kama shi, irin wadda ba ka iya gaya wa kowa. Ya yi ta yanka, jama'a na ɗaukar masu kyau-kyau suna tafiya. Da aka zo kan keji na ƙarshe, na can ƙasa a kusurwa, mai unguwa ya leƙa ya ce babu komai, a tafi. Amma Cindo shi ya ƙera shi, ya san akwai wani lungu a baya inda ya lanƙwasa ƙarfe don ruwan wanki ya wuce. Ya durƙusa cikin ƙazantar nan, ya yanke kwaɗon, ya zura hannu har kafaɗa. Sai ga wata 'yar kwikwiya, wata huɗu ko biyar, duk haƙarƙari a waje, ta cusa kanta a lungun. Ba ta yi haushi ba, ba ta yi cizo ba, fitsari kawai ta saki a hannunsa. Babu wanda ya so ta. Ya naɗe ta a rigarsa ya kai ta gida.

Malam Shekarau ya dube ta ya dubi ɗansa. Dattijo ne mai tausayi, amma in ya yanke magana ta yanku. Ya ce, "Cindo, kare ba ya zama a tsakar gidan da ake shimfiɗa tabarmar salla. Wurinsa lambu, ya yi gadin albasa. Na ba ka kasuwa huɗu. In ta bi mutum zuwa lambu da ƙafarta, to. In kuwa ba ta bi ba, mai sayen karnukan nan da ke zagayowa da babur ranar kasuwa shi za a ba."

Kun dai san inda karnukan da ya saya ke ƙarewa, ba sai na faɗa ba. Cindo ma ya sani. Tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi.

Ga shi da kirki, amma ga rashin dabara. A ganinsa abin da aka hana kwikwiyar shi ne sarari, don haka ya ajiye ta a tsakiyar tsakar gida, ya ce ta sha iska. Ita kuwa tunda aka haife ta ba ta taɓa taka ƙasa ba, ƙarfe kawai ƙafarta ta sani. Ta ƙame a inda ya ajiye ta, tana ɗaga ƙafa ɗaya tana saukewa kamar mai taka garwashi. Ya kawo nama, ta ƙi. Ya kawo madara, ta ƙi. Ya ɗauke ta ya kai ta lambu da kansa, wai ko ciyawa za ta burge ta, sai ta kwanta ta rufe ido tana makyarkyata har ya dawo da ita. Kwana huɗu ba ta sa komai a bakinta ba sai ɗan ruwan da yake ɗura mata. Abin da ya fi ci masa rai, duk gidan shi ta fi tsoro, saboda ƙaurin ƙarfe da ke jikinsa.

To, Cindo na da yaya, Tabawa, mai kiwon kaji a bayan ɗakinta, mace mai baki kamar reza. Rana ta biyar ta tsaya ta yi musu kallon tsaf, ta ce, "Kai dai Cindo ƙarfe ka iya, ba rai ba. Ka taɓa sayen kajin gidan gona ka sake su? Nan za su tsaya har shaho ya ɗauka. Kawo ta nan."

Ta kori kajinta daga babban akurkin ƙasa, ta share, ta shimfiɗa tsohon buhu, ta tura kwikwiyar ciki. Ƙofar kuwa ta bar ta a buɗe. Cindo ya yi tsalle ya ce shi da ya fitar da ita daga keji ba zai ga an mai da ita wani ba. Tabawa ta ce ya matsa ya ba ta wuri. Ta jiƙa kanzo da romon kai, ta tura kaskon ciki, ta juya ta ci gaba da tankaɗenta. Ba a jima ba sai suka ji lasa. Cindo ya zauna a kan turmi ya rufe fuska da hula. Daga ranar Tabawa ce ke ci da ita sau uku a yini, ta cire mata kaska ɗaya bayan ɗaya, ta shafa mata man darbejiya a ƙurajen, ta rage mata faratan da suka nannaɗe. Hannunta ba ya hutawa, bakinta ma haka, kullum sai ta zagi mutumin da ya gudu da wanda ya ƙera masa keji.

Kwikwiya ta yi ƙiba, gashi ya fito. Amma fita daga akurki, ko kusa. Kasuwa biyu ta wuce.

Saura autansu, Nomau, mai lambun albasar. Magidanci ne da 'ya'yansa, amma sai ya yini bai yi magana goma ba, har ana tsokanarsa wai yana ajiyar kalmomi don tsufa. Bai ce zai taimaka ba. Kawai wata safiya ya kwaso albasar da zai ɗaure ya zo ya zauna kusa da akurkin, ya ba shi baya. Bai kira ta ba, bai dube ta ba. Ya lura cewa duk wanda ya taɓa dubanta a duniya, hannu ne ke biyo baya. Kullum da safe sai ya zauna haka sa'a guda, alhali aiki na jiransa a fadama, sannan ya tashi ya tafi a hankali ba tare da ya waiwaya ba. Washegari ya ƙara nisa da taki ɗaya. Ranar da ya ji hanci mai sanyi ya taɓa masa diddige, albasa na hannunsa, bai ko motsa ba sai da ƙafarsa ta yi sanyi ta mutu. Kafin kasuwa ta huɗu tana bin sa har bakin zaure. Amma da ta hango titi sai ta juya da gudu ta koma akurki.

Ranar kasuwa ta zo. Da hantsi mai sayen karnuka ya tsaya a ƙofar gida, da kejin ƙarfe ɗaure a bayan babur, karnuka biyu a ciki suna kuka. Malam Shekarau na zaune a dakali da carbinsa, ya riga ya yanke magana. Cindo ya fito zai roƙi ƙarin kwana.

Sai ga kwikwiya ta fito daga zaure a guje, ita da ba ta taɓa ƙetare dokin ƙofa ba. Ina za ta? Wurin kejin! Ta ji kukan da ta sani, ta ji ƙamshin ƙarfen da ta tashi a ciki, a wurinta gida ne ya zo ɗaukarta. Ta kama tsalle tana kai ƙafa jikin babur. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wannan ai ta sayar da kanta," ya miƙa hannu zai buɗe murfi. Tabawa ta ɗora hannu a ka tana salati daga cikin zaure. Cindo ya yunƙura zai cafke kwikwiyar, sai Nomau ya riƙe masa riga. Nomau ya saɓa fartanyarsa, ya wuce ta gabanta a hankali, ya ba ta baya, ya kama hanyar fadama kamar kowace safiya.

Ta dubi kejin. Ta dubi bayan Nomau da ke ƙara nisa. Daga baya Cindo ya ce ya ƙirga takun ƙanensa a ransa har goma sha bakwai, kuma a kowane taki ji yake kamar ransa zai fita. Sannan ta sauke ƙafafunta ƙasa, ta bi shi, tana tafe tana laɓewa a jikin katanga, har suka sha kwana.

Malam Shekarau ya ce wa mai babur, "Allah ya ba da sa'a a gaba." Cindo ya zame ya zauna a ƙasa yana dariya, hawaye na zuba, bai damu da wanda ya gani ba. Alhamdu lillahi kawai yake ta maimaitawa. Ranar ya ci tuwo malmala uku.

Yanzu ga inda rigimar take. Bayan kwana biyu malamin dabbobi ya zo lambu, duk 'yan gidan na wurin, ya yi wa kwikwiyar allurar rigakafi, ya ciro kati zai rubuta. A katin layi ɗaya ne na sunan mai kare, kuma wanda aka rubuta shi zai raɗa mata suna, shi za a nema in ta yi ɓarna, 'ya'yan nasa ne in ta haihu.

Tabawa ta ce a rubuta ta. Da ba ta mai da ita akurki ba, da yunwa ta kashe ta tun makon farko, kuma har gobe ba ta cin abinci sai daga kaskonta.

Nomau, da ba ya magana, ya ce, "Ni ta bi."

Cindo ya tsaya daga nesa, don har yanzu in ya matso sai ta ɓuya a bayan ƙafar Nomau. Ya ce shi bai ci da ita ba, bai koya mata tafiya ba, kuma ya san hannunsa ne ya ƙera abin da ya lalata ta. Amma ranar da kowa ya ce babu komai a kejin nan, shi kaɗai ya durƙusa. Da ya bi maganar mutane, da babu wadda za a ba kanzo, babu wadda za ta bi wani.

Malamin dabbobi ya dubi Malam Shekarau, dattijo ya ce shi ba ya shiga tsakanin 'ya'yansa. Biro na hannun malamin, layin nan babu komai a kansa.

To, jama'a, ga ku ga su. Wadda ta ci da ita, ko wanda ta bi, ko wanda ya ciro ta amma har yau take gudunsa: sunan wa za a rubuta?