Kirfar da Aka Ɗaure a Tsumma

Akwai wani mutum a ƙasar Farisa, manomi, mai itacen ɓaure guda ɗaya a tsakar gidansa. Mutanen can suna da wata irin dahuwa: sukan zuba 'ya'yan itace a tukunya da zuma da ɗan ruwa, su jefa kirfa da kanumfari, su bar ta a kan garwashi har ƙamshi ya kai gidan maƙwabta. Haka mahaifiyarsa take yi masa da ɓaure tun yana yaro, kuma ɗanɗanon bai taɓa barin bakinsa ba.

Wata shekara fatake suka sauka a garin. Mutumin ya ba su ɗan akuyarsa, ya karɓo kirfa da kanumfari cikin tafin hannu, ya kawo wa matarsa yana murna.

Matar kuwa ba muguwa ba ce, tana ƙaunar mijinta ƙwarai. Tattali ne ya yi mata yawa. Kun san irinsu, waɗanda sabon kwano yake tsufa a ɗakinsu ba a taɓa cin tuwo a cikinsa ba. Ta shinshina kayan ƙamshin, ta ɗaure su a tsumma, ta tura ƙarƙashin gado.

Da ɓaure ya nuna, ya ce, "Uwargida, ko za ki dafa mana irin na Inna?"

Ta ce, "Haba Maigida, abu mai tsada haka, mu biyu kawai? Bari sai babbar rana, in mun yi baƙi."

Ya yi murmushi, ya ci ɓaurensa ɗanye. Da shekara ta kewayo ya sake tambaya, ta sake ba shi wannan amsar. A shekara ta huɗu bai tambaya ba, ita kuwa ta ɗauka ya manta.

A shekara ta bakwai, ɓaure yana gab da nuna, ciwo ya kwantar da shi. Kwana uku ya yi, ya rasu.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Ta dube su ta ga baƙin da take jira sun zo, sai zuciyarta ta karye. Ta tsinko ɓaure tana kuka, ta hura wuta, ta kwance tsumman, ta juye duka a tukunya. Ta zauna tana jiran ƙamshi. Ɓaure ya dahu luguf, zuma ta yi kauri, amma ba ƙamshi ko kaɗan. Kirfar ta sha iska shekara bakwai, ta zama itace kawai.

Wata tsohuwa ta ɗanɗana, ta ce, "Sannu 'yata, ya yi daɗi." Matar ta girgiza kai ta ce, "Iya, ba irin na Innarsa ba ne. Kuma ba ku ne kuka roƙa ba."

Ma'anar wannan misali ita ce: kirfar nan ƙauna ce da Allah ya sa a hannunmu, wato kalma mai daɗi, da gafara, da godiyar da muka ɗaure muna jiran babbar rana. Ba a ba mu ita don ajiya ba, gama ƙaunar da aka ajiye takan huce. Da yawanmu mun iya yabon mutum a bakin kabari, alhali lokacin da yake da rai ko sannu ba ta haɗa mu.

'Yan'uwa, akwai wani a gidanku da ya daina tambaya. Kada ku ɗauka ya manta. In an tashi sujada yau, ku je ku kwance tsumman tun yana da bakin ci.