Muryar da Ba Ta Samu Layi Ba

Akwai wani matashi a Gaya mai suna Mu'az, mai haɗa bidiyon biki da ɗaukar sauti. Ya iya aikinsa, matsalar dai shi ma ya san ya iya.

Mahaifinsa, Malam Gwadabe na Balan, shi kaɗai ya rage da ya iya rera wani waƙen tauhidi da kakansu ya tsara. Baitocin suna nan a rubuce da ajami, amma karin muryar a maƙogwaron tsohon kawai yake. Wata biyar yana aika wa Mu'az ya zo ya ɗauka, amsar kullum ita ce sai an ɗan samu sarari.

Ranar da ya je, ƙanwarsa Hamdiyya, wadda ta karanci kwamfuta, ta leƙa na'urarsa ta ga bidiyon wani biki na Ajingi yana kan haɗuwa.

Ta ce, "Yaya, ka tsayar da wannan tukuna. A can cikin manhajar akwai abin da ake kira kanel, shi yake raba wa ayyuka layi kamar mai injin niƙa. Bidiyo zai iya jira. Sauti kuwa in bai samu layi nan take ba, zubewa yake yi. Bari in saita maka ya riƙa sa sautin a gaba."

"Ke 'yar karatun takarda za ki koya mini aikina? Amarya na jiran kayanta da la'asar."

Hamdiyya ta koma ciki.

Mu'az ya fara ɗauka a na'urar, Malam ya gyara zama a kan buzu, ya rera baiti arba'in da ɗaya. Mu'az ko abin ji bai saka a kunne ba, idonsa na kan bidiyon mutane. Ana gamawa Malam ya yi masa magana, bai saurara ba ya rufe na'ura ya hau babur.

Bayan kwana tara Malam ya rasu.

Mu'az bai yi kuka ba. Yana karɓar gaisuwa yana amsa "amin", amma ji yake kamar wani ne ya ari bakinsa. Bayan sadakar uku mahaifiyarsu, Inna Baiwa, ta ce a kunna mata waƙen.

Ya kunna. Rabin kalma, sai shiru, sai ƙarar tsinkewa, sai wata rabin kalmar. Babu baiti ko ɗaya da ya fita cikakke.

Bai ɗago kai ba ya tambayi Hamdiyya, "Yana gyaruwa?"

"Abin da bai shiga ba, babu shi, Yaya."

Ya zauna yana jiran zuciyarsa ta yi zafi, ta ƙi. Ba wanda ya miƙa hannu ya kashe na'urar.

Can wajen ƙarshe sai sautin ya washe tar. Ashe ranar ɗaukar, daidai nan ne bidiyon ya gama haɗuwa, layi ya buɗe, amma waƙen ya riga ya ƙare. Muryar Malam ce kawai, a hankali:

"Ya kamu kuwa? In aiki ya yi maka yawa ka je abinka, Mu'azu. Ni zan jira."

Inna ta ce ya maimaita mata wurin. Ya maimaita.

Darasi: Ba duk abin da ya ce zai jira ne yake da lokacin jira ba. Ka sa iyayenka a gaban layi tun suna nan, kuma kada girman kai ya hana ka sauraron na ƙasa da kai. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya tashi ya je gida yau.