Kabarin Inna Delu

Akwai wani mai sayen gyaɗa a Bebeji, sunansa Gwadabe, wanda Allah Ya buɗa masa a shekarun da gyaɗa take tashe, wajen 1955. Da ya tashi tafiya aikin Hajji sai ya ɗauki mahaifiyarsa, Inna Delu, tsohuwa mai fama da ciwon ƙirji. Gari ya yi ta sa masa albarka.

Sai dai Gwadabe mutum ne mai son a ce shi ne. Ya ci alwashin babu wurin tarihin da zai bari bai taka ba, don in ya dawo ya ba malaman gari labarin abin da su a littafi kawai suka sani.

Suka bi hanyar Sudan a mota. A Omdurman ya shiga wani gida da aka ajiye takubba da sulken mayaƙan da, ya wuni yana kallo, Inna tana jiransa a gindin bango.

A cikin ayarin akwai Zuwaira, mutuniyar Badafi, wani gari kusa da Bebeji, wadda mijinta ya rasu a hanya. Ita ke jiƙa wa Inna gumba, tana matsa mata ƙafa. Gwadabe ba ya ƙaunar ganinta, cewa yake kwaɗayin guzurinsu ne ke kawo ta.

Bayan an sauke farali suka wuce Madina. Jikin Inna ya ƙara yin sanyi. Shi kuwa ya je Uhudu, ya je Ƙuba, ya zagaya duk inda aka nuna masa. Rannan ya ji wata mota za ta kai masu ziyara Badar, wurin kaburburan shahidai, tafiya mai nisa.

Yana ɗaura rawani Inna ta riƙe bakin rigarsa.

"Ɗan nan, ka zauna yau. Ba na jin daɗin jikin nan."

"Gajiya ce, Inna. Wanda bai ga Badar ba, me zai faɗa a gida? Gobe ina nan."

Ta sake shi.

Ya ga Badar, ya tsaya a kan shahidai, ya haddace duk abin da jagora ya faɗa. A hanyar dawowa motar ta lalace, suka kwana a daji.

Da ya iso masauki sai ya tarar an naɗe tabarmar Inna, Zuwaira tana zaune a gefe. Ta gaya masa Inna ta cika tun ranar da ya tafi. Ita ta ba ta ruwa, ita ta laƙƙana mata kalmar shahada, kuma duk motar da ta wuce sai Inna ta tambaya ko tasa ce. An sallace ta tare da wasu gawawwaki, aka kai su maƙabartar Baƙi'a. Da ya tambayi inda kabarin yake, ta ce ai mata ba sa bin gawa.

Gwadabe ya ruga Baƙi'a. Tuddan ƙasa ne birjik, kowane da ɗan dutse a kansa, babu suna ko ɗaya. Ya tambayi mai gadi da ɗan Larabcinsa, mutumin ya ware hannu ya nuna masa filin gaba ɗaya. Haka ya riƙa bin sababbin kaburbura ɗaya bayan ɗaya, yana durƙusawa yana neman gafara, bai san a gaban wa yake ba.

Da ya dawo Bebeji zaure ya cika. Masu gaisuwa suna cewa Inna ta yi dace, ta kwanta a Madina. Wasu suka nemi labarin Badar, ya ce ya gani kawai.

Da jama'a ta watse, ƙanwarsa Maijidda ta durƙusa kusa da shi.

"Yaya Alhaji, me Inna ta ce a ƙarshe? Ta bar mana sallahu?"

Kansa a sunkuye ya ce:

"Sai dai ki tambayi Zuwaira ta Badafi."

Washegari da sassafe Maijidda ta yafa gyalenta ta kama hanyar Badafi a ƙasa.

Darasi: Wurin ziyara yana nan yana jiranka ko baɗi, amma numfashin iyaye ba ya jira. Kada son a yaba maka ya raba ka da hakkin da ke gabanka, kuma kada ka raina kowa, ba ka san wanda zai tsaya a gurbinka ba. Ka tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda iyayensu ke raye.