Keken da Ya Fi Ƙarfin Lungun Malama

Akwai wani saurayi, jama'a, da jami'arsu ta tura sanin makamar aiki na wata shida a wata ƙungiya mai kula da masu lalurar nakasa. Ba can ya so ba. Shi a lissafinsa babban kamfani za a kai shi, mai dogon bene da na'urar sanyaya ɗaki, sai ga shi a wani tsohon gida mai ɗakuna huɗu, da rumfar kwano a baya inda ake gyaran keken guragu.

Ranar farko sau uku yana gaya wa mutane abin da yake karantawa. Kafin a tashi aiki sunansa ya koma Injiniya. Ya riƙa amsawa da fara'a, bai ma gane tsokana ba ce.

Aka haɗa shi da wani dattijo da ake ce wa Baba Mai Awo. Shi ma a kan keke yake, ya fi shekara ashirin yana auna mutane. Sau ɗaya a shekara ƙungiyar ke aika fom zuwa wata masana'anta mai nisa, a ƙera wa kowa keke daidai jikinsa. Wanda ya samu kuwa, sai bayan shekara uku sunansa zai sake shiga layi.

Baba ya miƙa masa tef ɗin awo ya ce, "Ɗana, doka ɗaya gare mu a nan. Ba a cike fom sai an je gidan mutum. Ka auna shi, ka auna ƙofarsa, ka leƙa banɗakinsa, sannan ka bi hanyar da zai bi da ƙafarka har bakin titi."

Injiniya ya ce, "Baba, ai wannan ba wani abu ba ne. Mu da muke lissafin gada."

Baba ya yi murmushi. "To, Allah ya ba mu albarkacin gada."

Da lokacin aika fom ya matso, aiki ya yi wa Baba yawa, sai ya ware gidaje shida ya ba Injiniya. A gaskiya ya yi ƙoƙari, ya je biyar. Na shida ne ya zo da nisa, sai an hau mota biyu, ga rana ta take, ga shi washegari za a rufe karɓa.

Fom ɗin na wata malamar firamare ne. Haɗarin mota ya taɓa mata ƙashin baya, ƙafafunta suka daina aiki. Shekara goma sha ɗaya tana koyar da 'yan aji uku. Shugaban makarantar ya yi mata alƙawarin riƙe mata ajinta zuwa farkon sabon zango. In ta dawo, wurinta na nan. In ba ta dawo ba, dole ya ɗauki wata.

Injiniya ya duba takardar asibiti, ya ga tsayinta da nauyinta da faɗin ƙugunta duk an rubuta. Sai ya ɗauki waya ya kira ta.

"Malama, daga ƙungiya ne. Na ga duk awonki a takarda, ba sai na zo ba."

Ta ce, "Ayya ƙanena, da ka daure ka zo. Lungunmu sai ka gan shi da idonka."

"Lungu ai lungu ne, Malama. Kada ki damu. Wanda ya fi kowanne kyau zan zaɓa miki."

Ta ce, "To, kai ka san aikinka. Allah ya yi albarka."

Kuma ya cika alƙawari, a ganinsa. Ya zaɓa mata babban keken nan mai taya uku, mai ƙarfi, wanda ba ya naɗewa kuma ba ya jin rami. A gurbin da aka tambayi faɗin hanya mafi ƙunci, ya rubuta "babu matsala". Da Baba ya tambaye shi ko ya je duka shidan, ya ce ya je, ko idonsa bai ƙifta ba.

Bayan wata uku kekuna suka iso, saura kwana tara a koma makaranta. Injiniya da direban ƙungiya suka ɗora na Malama a mota. Tafe yake yana jin daɗi, har ya tanadi irin amsar da zai bayar in an fara yi masa godiya.

Suka tsaya a bakin lungun, ya leƙa ciki.

Wata siririyar hanya ce tsakanin dogayen katangu biyu na siminti, da kwata a gefe, ta miƙe kamar taku arba'in kafin a kai ƙofar gidan. Mutum biyu ba sa jerawa a cikinta. Suka sauke keken suka tura, tayoyin baya suka ci karo da katanga dama da hagu. Suka karkata shi, suka juya shi ta baya, direba har da cire hula. Keken ya fi lungun faɗi da yatsa huɗu.

Mahaifiyar Malama ta fito da saurinta, tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, tana ta sa albarka tun daga nesa. Da ta ga abin da ake ciki sai ta tsaya, ta kama haɓa. Daga cikin gida muryar Malama ta taso: "Mama, ya zo? Wane launi ne?"

Injiniya ya kawar da kai, yana kallon katanga.

Da suka koma ofis, Injiniya ya shirya jin faɗa. Baba bai ɗaga murya ba. Ya jawo kwafin fom ɗin, ya ɗora yatsa a kan "babu matsala", ya ce, "Ɗana, wannan matsalar wa ce babu? Taka ko tata?"

Aka kira masana'anta, suka ce canji sai zagaye na gaba. Kekunan aro biyu da ƙungiyar ke da su duk suna hannun wasu.

Malama ba ta karaya da wuri ba. Aka roƙi wani mai shago a bakin titi ya riƙa ajiye keken. Da aka koma makaranta, kullum da safe maƙwabta biyu su ɗauko ta a kan kujerar roba, su ratsa lungun da ita a karkace, su ɗora ta a keke. Da yamma su mayar da ita. Mace mai kamun kai irinta, ga ta ana cicciɓa a gaban masu wucewa, amma ta cije saboda ajinta.

Kwana shida aka yi a haka. A na bakwai ɗaya maƙwabcin ya tafi aikinsa da sassafe, wanda ya maye gurbinsa bai saba ba. Ƙafarsa ta zame a bakin kwata, kujerar ta kife. Malama ta bugu a inda aka yi mata aiki, likita ya ce ta kwanta wata guda, kuma kada a sake ɗaukarta a haka.

Shugaban makarantar ya zo dubiya da kansa. Ya ba da haƙuri sosai, ya ce yara arba'in ba za su zauna babu malami ba. Satin da ya biyo baya aka ba wata ajin.

Tun daga ranar Injiniya ya daina son a kira shi da sunan nan. Abinci ma ba ya yi masa daɗi. Ya je ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Ka koya mini yadda ake rage faɗin keke."

Suka tono wani tsohon ƙarfen keke a bayan rumfa. Baba na nunawa, shi yana yanka, mai walda na haɗawa. Sau huɗu yana hawa mota biyun nan zuwa lungun, yana auna shi taku bayan taku, har ya gano inda katangar ta yi ciki ta ƙara matsewa. Mako biyar suka ɗauka.

Ranar da ya kai, keken ya shige lungun sumul, ko gogar bango bai yi ba. Ya sami Malama a tsakar gida, ta rame. Wannan ne karo na farko da ya ga fuskarta.

Ya ce, "Malama, ni ne na kira ki a waya. Ban zo ba, kuma na ce a ofis na zo. Ki yafe mini."

Ta dube shi ta ce, "Na gane muryarka tun daga sallama. Na yafe maka, ƙanena."

Aka taimaka mata ta hau. Ta murza tayoyin da hannunta, ta fita ƙofa, ta bi lungun ita kaɗai, shi yana biye a baya, mahaifiyarta na share hawaye. A bakin titi ta tsaya. Ta dubi dama, ta dubi hagu, ta daɗe tana kallon motoci.

Sannan ta juyo, ba da faɗa ba, ba da gori ba, ta ce, "Keken ya yi, wallahi ya yi daidai. To yanzu ina zan je da shi?"

Injiniya ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminsa.

Darasi: In aka ba ka amanar taimakon wani, ka je inda yake, ka saurari abin da yake gaya maka, domin shi ya fi ka sanin rayuwarsa komai yawan karatunka. Gajiyar da ka guje wa ta yini ɗaya tana iya cinye wa wani aikin shekaru, kuma ba kowane kuskure ne gyara ke riska a kan lokaci ba. Ku tura wa ɗalibai masu shirin fita sanin makamar aiki, da duk wanda ke cike fom da sunan wani.